Sharhi: Kayan Sauya Rola da Sifirin na Babur Otomatik, Don Hawan Tudu

Kayan a leda ɗaya ake sayar da su: rola, wato ƙananan nauyi masu gangarawa a bayan fulen gaba, kashi uku, masu nauyin giram 10, 11 da 12, kowane kashi guda shida, babban sifirin na fulen baya mai lamba 1500, sai ƙananan sifirin uku na kuloci. An yi su ne don injin GY6, wanda yawancin babura otomatik ƙirar Caina masu cc 125 da 150 ke ɗauke da shi. Duba jikin injin ta gefen hagu, idan ka ga 152QMI ko 157QMJ to naka ne, kuma girman rolarsa 18x14. Mai 50 kuwa tasa 16x13 ce, waɗannan ba za su zauna ba.

Na ɗaura su a kan 150 mai dogon gida, wato mai dogon gidan bel, na yi aiki da su tun daga hunturu har bazara a nan Sakkwato. Hukuncina a taƙaice: rolar ta ci kuɗinta, babban sifirin ya danganta da irin aikinka, ƙananan ukun kuwa ka bar su a leda.

Sai an gane yadda abin yake aiki kafin a taɓa sifana. Babur ɗin ba shi da giya ta ƙafa, bel ne tsakanin fule biyu. A bayan fulen gaba akwai rola shida. Idan injin ya ƙara saurin juyawa, juyawar takan wurga su waje, su matse fulen, bel ya hau sama, wato kamar ka shiga babbar giya. Rola mai nauyi tana fita da wuri. Shi ya sa za ka ga mutum ya ɗauko goyo ko buhun albasa daga fadama, yana zuwa kan tudu ko gadar sama babur ya fara gurnani, totur a ƙarshe amma ba ya ja. Ba injin ne ya mutu ba, an tura shi babbar giya ne tun bai kai ƙarfinsa ba. Wannan injin sai ya doshi juyi 7,000 a minti yake fitar da cikakken ƙarfi. Rola mara nauyi tana jinkirta hawan bel ɗin har ya kai can.

Ta asali da na tarar a cikin babur ɗin giram 14 ce. Kada ka yarda da rubutun leda, ka ɗora su kan ƙaramin sikeli irin na masu zinari. A kashin giram 11 na samu biyu da suka fi sauran nauyi, kuma wannan laifi ne babba ga wanda ya yi kayan, domin rashin daidaito yana sa su cinye ba tare ba.

Giram 12 ita ce ta fi dacewa. Daga gadar Kwalkwalawa zuwa cikin gari, da mutum biyu a kai, babur yana riƙe muryarsa ba ya sarewa, kuma a miƙaƙƙen titi gudun bai ragu yadda za ka damu ba. Giram 10 kuwa ihu ne kawai. Tashin farko da zafi, amma da ka miƙa sai injin ya yi ta kururuwa, gudu ya tsaya, mai ya tafi. A garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, injin da fanka kaɗai ke sanyaya shi bai kamata a bar shi yana wannan ihun ba. Mai son tsaka-tsaki zai iya haɗa uku masu 11 da uku masu 12, amma a jera su ɗaya bayan ɗaya, kada masu nauyi ɗaya su zauna gefe guda.

Wajen ɗaurawa ne ake yawan ɓarna. Murfin bel da soket 8 ake kwance shi. Ka jera kusoshin yadda ka ciro su, tsayinsu ba ɗaya ba ne. Notin fulen gaba 17 ne. A riƙe fulen da ƙarfen riƙonsa, kada a cusa sukudireba cikin fiffiken da ke jikin fulen, karyewa yake yi, kuma fiffike ɗaya in ya tafi fulen ya rasa daidaito ke nan. Idan ka zaro, za ka ga baƙar ƙura ta cushe ramukan da rola ke bi, ƙurar hunturu haɗe da garin bel. A wanke tas, a bari ya bushe. Kada a shafa giris a rola. Na sha ganin kanikawa suna yi da kyakkyawar niyya, amma a ƙasa mai rairayi irin tamu giris ɗin da yashi sukan zama kamar samfefa, idan kuma ya fantsama kan bel sai santsi.

Ka juya tsohuwar rola a tafin hannunka. Idan ta yi gefe mai faɗi maimakon zagaye, ko kaurinta ya sauka ƙasa da milimita 17.4, ta gama aiki. Bel ma a auna shi: sabo faɗinsa milimita 20, idan ya kai 19 a canza. Lambarsa tana rubuce a bayansa, 835-20-30 ko 842-20-30 a dogon gida, 743-20-30 a gajere. Babura da yawa da ake cewa ba sa hawan tudu, cinyayyen bel da datti ne kawai matsalarsu, ko toshewar matatar iska. Wanda bai gyara waɗannan ba, ko wace rola ya sa asarar kuɗi zai yi.

Wajen mayarwa, ka matse fulen baya da hannu biyu bel ya faɗa ciki, ya saki a gaba, sannan ka ɗaura noti. In ba haka ba za ka ɗaure a kan bel, ka zaci ya kama, bayan tafiya kaɗan notin ya kwance ya cinye haƙoran shaf. Wannan gyaran sai an buɗe injin gaba ɗaya. Ƙarfin ɗaurin notin fulen gaba wajen Nm 55 ne a sifana mai awo.

Babban sifirin aikinsa daban. Shi ne ke mayar da bel ƙaramar giya idan babur ya ji nauyi, kuma a nan na ji amfaninsa: ka sassauta a tsakiyar hawa saboda a-daidaita ya tsaya a gabanka, kana murɗawa ya amsa nan take. Amma yana matse bel sosai, murfin yana ɗaukar zafi, kuma idan ka haɗa shi da rola mai sauƙi ƙwarai bel ba zai kai bakin fule ba. Gwajin mai sauƙi ne: ja layi da alƙalamin maka a fuskar fulen gaba daga tsakiya zuwa baki, ka yi gudu, ka buɗe. Inda layin bai goge ba, bel bai kai nan ba. Sa babban sifirin kuma sai da kulawa, domin babban notin kuloci, mai 39, a kan sifirin yake zaune. A danne kulocin da ƙafa biyu ko wani ya riƙe kafin a ƙarasa kwancewa, in ba haka ba zai yi tsalle ya sami fuska. Mai ɗaukar kaya kullum ya sa shi. Mai zuwa ofis shi kaɗai, na asali ya ishe shi.

Ƙananan sifirin ba su da ruwa da hawan tudu. Abin da suke yi kawai shi ne jinkirta kamun kuloci, sai injin ya yi ƙara sannan babur ya fizga. A cunkoson bakin babbar kasuwa, ko cikin rairayin lungu inda ake son taya ta ja a hankali, wahala ce zalla, kuma kwanon kuloci har shuɗi yake yi don zafi. Kwana kaɗan na mayar da na asali, na goge ƙyallin takalman kulocin da samfefa, rawar da yake yi wajen tashi ta ɗauke.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada a kan tudu ɗaya da nauyi ɗaya, bayan injin ya yi ɗumi. Idan ana sayar da rolar ita kaɗai, sayi giram 12 da sabon bel mai kyau, ragowar kuɗin ka zuba man giya na baya.