Baƙar giyar Harvey's da na sha a Lewes: sai da na ba ta lokaci ta yi magana

A Jos na tashi, a gidan Kirista, kuma tun ina saurayi abin da na sani da suna baƙar giya shi ne Guinness ta gida, wadda aka fara yi a Ikeja a 1962, mai barasa kashi 7.5 cikin ɗari, wadda dawarmu ta Arewa ke shiga cikinta. Na san masu karatu da yawa addininsu ya haramta musu wannan abu, kuma ina girmama hakan. Wannan sharhi na waɗanda ke taɓawa ne, musamman 'yan uwa da aiki ko karatu ya kawo Ingila.

Ranar wata Asabar cikin hunturu na hau jirgin ƙasa daga Brighton zuwa Lewes, tafiyar da ba ta wuce kwata ɗin awa ba. A bakin kogin Ouse kamfanin Harvey's yake, tsohon gida ne da ya faro tun 1790, kuma suna da kanti a jikin masana'antar. Can na sayi ƙananan kwalabe biyu na Imperial Extra Double Stout, mai barasa kashi 9 cikin ɗari. Kuɗinta ya ɗara na giyar yau da kullum, kwalbar kuma ƙarama ce, har na tsaya ina juya ta a hannu kafin na biya.

Kwalbar farko ban yi mata adalci ba. Na saka ta a firij ta kwana, kamar yadda muka saba a gida inda zafi ke sa a nemi komai da raɓa a jikinsa. Na buɗe ta da sanyinta, na kurɓa, sai ɗaci kawai da ɗan zafi a maƙogwaro. Waya ta ɗauke mini hankali wajen rabin awa, da na dawo kan ragowar sai na tarar kamar an musanya mini kofi. Sanyi ne ya ƙulle ta.

Ta biyu na bari sai bayan mako guda. Na ajiye ta a dandamalin taga inda ke da ɗan sanyi kaɗan, na samo kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, na zuba a hankali. Baƙa ce ƙirin, na ɗaga ta saitin fitila haske bai ratsa ba. Tana gangarowa da kauri, kumfarta kalar ƙasa-ƙasa, siririya, ba ta daɗe ba ta koma zobe a gefen kofin.

Ƙamshin ne ya fara zaunar da ni. Abin da ya zo mini a rai nan take shi ne maɗin ɗinya, irin wanda aka dafa har ya kusa kamawa a gindin tukunya. Bayansa akwai ƙanshin busasshen dabino, da na gahawa, da wani abu mai kama da sabuwar jakar fata. A baki kuwa zaƙi ne ke shigowa gaba, mai nauyi, ya lulluɓe harshe. Kafin ya gundure ka sai ƙauri ya biyo, irin na ƙanzon da ya ɗan ƙone, wanda tsiron sha'ir da aka gasa har ya yi baƙi ke haifarwa. Can ƙasa akwai ɗan tsami siriri kamar an ɗiga tsamiya, shi ne ke hana nauyin ya yi yawa. Sai ɗacin ƙarshe, wanda ya fi komai burge ni. Duk wanda ya taɓa tauna goro ya san yadda ɗaci ke daɗewa a baki har ya juye ya zama gardi. Haka wannan take. Minti biyu bayan kurɓa ɗaya ina jin ta, ban ma ji bukatar ƙarawa da wuri ba.

A jikin kwalbar akwai sunan A. Le Coq, kuma shi ya sa na bi labarin. A ƙarni na 18 masana'antar Thrale da ke Southwark a Landan, wadda ta koma hannun Barclay Perkins a 1781, tana aika irin wannan giya mai ƙarfi ta tekun Baltik zuwa Rasha, har fadar Sarauniya Katarina ta Biyu, daga nan kalmar sarauta, wato Imperial, ta manne wa sunan. Daga baya ɗan kasuwa Albert Le Coq ya riƙa sayenta yana ɗurawa a kwalba yana kai wa Rashawa. Harvey's sun farfaɗo da ita a 1999. Sanin haka ya sa na fahimci ɗan tsamin nan da ƙanshin fata: abu ne da aka yi don ya jure ajiya da doguwar tafiya, shi ya sa har yau wasu ke ɓoye kwalabenta shekaru kafin su buɗe.

Idan na ajiye ta kusa da tamu ta gida, ba zan ce wata ta kayar da wata ba, aikinsu ne daban. Tamu tana tafiya da tsire da yaji da hirar jama'a. Wannan yaji zai danne ta. Na gwada ta da ɗan gasasshen nama marar barkono da gutsuren cakulan mai ɗaci, duka biyun sun karɓe ta, amma ita kaɗai ma ta isa.

Gargaɗi ɗaya nake da shi, kuma da gaske nake. Zaƙinta yana ɓoye ƙarfinta, ba ka jin barasar sai ɗumi ya sauko ƙirji. Kwalba ɗaya ta ɗauke ni fiye da awa guda, bayan na ci tuwo na ƙoshi, kuma ban nemi ta biyu ba. Wanda zai tuƙa mota kada ya kusance ta.

Na koma Lewes na sayo uku. Ɗaya ta Kirsimeti ce, biyun na rubuta shekara a jikinsu na tura su can cikin kabad inda haske ba ya kaiwa.