PharmD da MBA: a haɗa su tare, ko a bar MBA sai an fara aiki?

'Yar'uwa, tambayarki ita ce: kina shekarar farko ta PharmD a Amurka, jami'arku ta buɗe ƙofar haɗa karatun harhaɗa magunguna da digirin kasuwanci na MBA, shin ki shiga yanzu ko ki bari sai kin yi 'yan shekaru a bakin aiki? Ko ta wace hanya kika bi, takardar MBA ɗin ɗaya ce. Inda suka rabu shi ne lokaci, da kuɗi, da kuma abin da ke cikin kanki ranar da kika zauna a ajin kasuwanci.

PharmD shekara 4 ce, cikakken MBA kuma shekara 2, ke nan 6 idan aka yi su bi da bi. In an haɗa, sukan dawo 5, wani wurin ma 4, domin makarantun biyu sun yarda a ƙirga wasu kwasa-kwasan zaɓi a ɓangarorin biyu. Amma haɗin ma iri biyu ne, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. A tsarin shekara 5, irin na Jami'ar Buffalo da ke jihar New York, akan ware shekara guda sukutum a makarantar kasuwanci. A tsarin shekara 4 kuwa, darussan kasuwancin da yamma ake yin su, ko ta intanet, ko a hutun bazara, a kan karatun magani da dama bai bar miki sarari ba.

Na shekara 4 ya fi daɗin ji, amma yana da hasara. Babban abin da MBA ke sayarwa ba darasin aji ba ne kawai, har da horon sanin makamar aiki da ake yi a kamfani lokacin bazara, da mutanen da za ki sani. Kamfanoni da yawa daga cikin waɗanda suka yi musu wannan horon suke ɗaukar ma'aikata. Idan bazararki ta tafi a aji, ga kuma awa 300 ta aikin gwaji da hukumar ACPE mai tantance makarantun harhaɗa magunguna ta wajabta kafin shekarar ƙarshe, wannan damar ta wuce ki.

Shekarar ƙarshe ita ce inda gizo ke saƙa. Aƙalla awa 1,440 za ki yi kina zagayen asibitoci da kantunan magani, yawanci awa 40 a mako, kowane zango mako 4 zuwa 6, wani ma a wani gari daban. Duk kwas ɗin MBA da ya rage zuwa lokacin zai zame miki ƙarfen ƙafa, don aikin rukuni ne ya fi yawa a cikinsa, abokan rukuni kuwa ba sa jiran wadda ke dutin dare. Bayan haka ga jarrabawar samun lasisi ta NAPLEX da ta dokokin magani, wato MPJE a yawancin jihohi. Ba lasisi, ba aikin famasist, komai kyan MBA. Kuma idan makin karatun magani ya faɗi saboda taura biyu da kike taunawa, zai taɓa ki wajen neman gurbin horon ƙwarewa na PGY1, wato shekarar farko ta horo bayan PharmD.

Batun kuɗi, haɗin ya fi araha a takarda. Sai dai ki nemi amsa a rubuce: ana cajin kwasa-kwasan kasuwanci daban ne, ko suna cikin kuɗin makarantar magani? Na bazara fa? Sannan shekara ta biyar ba kuɗin makaranta kaɗai take ci ba. Matsakaicin albashin famasist a Amurka ya haura dala 130,000 a shekara, kuma shi kika ajiye, alhali bashin karatu yana ta tara kuɗin ruwa.

Wadda ta jinkirta tana da albashi a hannu, tana karatun yamma ko na ƙarshen mako. Wuraren aiki da yawa kan tallafa da kuɗin karatu, kuma dokar haraji ta yarda da har dala 5,250 a shekara ba tare da haraji ba, ko da yake galibi akan sa sharaɗin sai kin ci gaba da yi musu aiki na wani lokaci, in kin tafi ki biya. Babbar ribarta dai ita ce ta shigo aji da ciwon da take neman maganinsa. Ɗauki misalin kantin da ke sayar da maganin da kuɗin sayensa ya kai dala miliyan 3.6 a shekara, kuma kullum akwai kayan dala 300,000 jibge a kanta. Kayan suna juyawa sau 12 ke nan. In aka gyara yadda ake oda suka juya sau 15, kayan dala 240,000 sun isa, dala 60,000 ta fito daga cikin kayan da ke jibge ta koma hannu. Ga ɗaliba, wannan lissafin jarrabawa ne. Ga wadda ta taɓa kwashe kwalaben da wa'adinsu ya ƙare, ko ta ga an biya kantinsu ƙasa da kuɗin da suka sayo magani, darasi ne da za ta yi aiki da shi washegari. Matsalar jinkiri ɗaya ce, amma babba: aure, yara, dutin da ke canzawa, sai "badi zan fara" ta zama shekara goma.

Shawarata ta rataya ne ga inda kika nufa. Idan kamfanonin magunguna ne, ɓangaren talla ko farashi ko cinikin inshora, ko kamfanonin da ke tsakanin inshora da kantuna irin su CVS Caremark, Express Scripts da Optum Rx, waɗanda kusan kashi 80 cikin 100 na takardun magani ke bi ta hannunsu, to ki haɗa, kuma ki zaɓi tsarin da zai bar miki bazara guda ta horo a kamfani. Idan shugabancin sashen magani a asibiti kike so, akwai hanya ta uku da ta fi duka biyun dacewa: horon HSPAL, wato na gudanarwa da shugabancin sashen magani, na shekara 2 bayan PharmD, wanda wurare da dama ke haɗa shi da digiri na biyu, kina kuma karɓar alawus. Idan kula da marasa lafiya ne burinki, kamar ɓangaren kansa ko ɗakin kulawa ta musamman, MBA ba zai ƙara miki komai a yanzu ba, PGY1 da shekara ta biyu ta horon, wato PGY2, ne hanyarki. Kar ki ɗauka kuma albashin farko zai tashi saboda haruffa uku. A kantin magani, sabuwar famasist mai MBA da marar shi kusan abu ɗaya suke karɓa, bambancin sai wajen ƙarin girma.

Idan kin yanke shawarar haɗawa, yawanci a shekarar farko ko ta biyu ake nema, don haka ki duba ranar rufewa tun yanzu. Ki tabbatar makarantar kasuwancin tana da amincewar AACSB, ƙungiyar da ke tantance makarantun kasuwanci, ki tambaya ko an yafe wa ɗaliban PharmD jarrabawar GMAT ta shiga makarantar kasuwanci, sannan ki sa mai ba ki shawarar karatu ya zana miki jadawalin zango-zango da ke nuna kin gama kwasa-kwasan MBA kafin zagayen shekarar ƙarshe ya fara.