Makarantun gundumarmu a karkarar Iowa: tauraro huɗu na yi niyya, uku na bayar

Shekararmu biyu ke nan a wannan lungu na jihar Iowa, inda aikin asibiti ya jefo maigidana, kuma yarana biyu duk makarantun gwamnati na gundumar suke zuwa. Wata 'yar uwa da za su taso nan kusa ta ishe ni da tambayar yaya makarantun suke, shi ne na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta. Sunan gundumar kam ba zan kama ba, don gari ne da kowa ya san motar kowa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne wata Talata cikin Janairu, ranar da sanyi ya haura digiri 20 ƙasa da sifiri. Bas ɗin nan ruwan ɗorawa takan sauke Auta a bakin titinmu huɗu saura kwata. Ranar yayanta ya tsaya atisayen ƙwallon kwando, ita kaɗai ce. Ina tsaye jikin taga na ga bas ta zo, ta ɗan rage gudu, ta wuce. Na ce ƙila ta ɗaya gefen ta sauka. Motar na gushewa, ba kowa sai dusar ƙanƙara da kututturen masara. Wallahi ban san lokacin da na fito waje da silifas ba, ko mayafi babu.

Na kira ofishin makaranta hannuna na rawa. Wanda ya ɗauka ba sakatariya ba ce, shugaban makarantun gundumar ne da kansa, mutumin da ko cikakken mako ba ya yi a wurinmu, saboda mu da wata gunduma muke haɗa kuɗin albashinsa, kwana kaza nan, kwana kaza can. Ban ƙarasa faɗin sunan yarinyar ba ya riga ni, har da ajinsu. Ya ce kada in kashe wayar. Ina ji ya ɗauki oba-oba yana kiran direba, ina ji direban ya tsaya gefen hanya. Minti biyu da suka zame mini shekara. Ashe baiwar Allah barci ya kwashe ta a kujerar ƙarshe, ta dunƙule cikin rigar sanyinta kamar ƙullin kaya.

Sai da direban ya gama sauke sauran yaran sannan ya juyo da ita, bayan minti arba'in. Dattijo ne manomi, tuƙin bas aikin safe da yamma ne kawai a wurinsa. Ya ɗauko ta a kafaɗa har bakin ƙofa, ita ko a jikinta, ido na buɗewa sai "Umma, yunwa nake ji." Ni da na shirya masifa tun daga falo, sai na ga mutumin ya cire hula yana ba da haƙuri, idonsa ya yi ja. Masifar ta maƙale. Washegari suka dawo shi da matarsa da fanke irin nasu cike da tuffa. Na karɓa, na yi godiya, na kuma daure na tambaya ko da kitsen alade aka yi. Ta ce da bota ne, ta riga ta bincika. Wannan ya shiga raina sosai.

A zaman nan ne ya warware mini dalilin da ya sa ƙanƙanuwar yarinya take shafe kusan awa guda a mota. Wani farin ɗakin katako da ke mararrabar hanyarmu, wanda na ɗauka tsohon coci ne, makarantar mahaifiyarsa ce: ɗaki ɗaya, malama ɗaya, aji ɗaya zuwa takwas. Wajen 1900 irin waɗannan sun fi 12,000 a Iowa, kusan kowane mil biyu akwai ɗaya, don yaro ya taka da ƙafa. A shekarun 1960 aka rufe na ƙarshe-ƙarshensu. Sai masifar gonaki ta shekarun 1980 ta zo, bashi ya ci manoma, bankuna suka ƙwace filaye, iyalai suka watse birane, azuzuwa suka yi fayau. Garuruwa uku suka haɗe makarantunsu, shi ya sa sunan gundumar ba komai ba ne illa haruffan farko na sunayensu. Yau firamare tana wannan gari, sakandare tana wancan, ginin jan bulo na gari na uku an garƙame shi da kwaɗo. Ya ce har gobe tsofaffin garin ba su huce ba, wasu ko kallon wasan sabuwar ƙungiyar ba sa zuwa. Duk jihar yanzu gundumomin makarantu ɗari uku da 'yan kai suka rage.

A nan na yanke cewa tauraro huɗu zan ba su. Amma ina rubutun nan abin yana dawo mini. Bas ɗin da yaranta ba su kai ashirin ba, a ce direba ya wuce gidan yarinya bai ɗaga kai ya duba madubi ba? Da ban tsaya a taga ba fa? Sun ce ai doka ce ya bi kujeru ɗaya bayan ɗaya kafin ya kulle mota. To, na ji. Sai dai wannan sai ƙarfe nawa, kuma a wane gari?

Ga kuma abinci. Iowa ce kan gaba a kiwon alade a duk Amurka, kuma tiren makaranta bai ɓoye hakan. Sau uku ina cike takarda kafin masu girki su gane cewa jajayen yankan naman kan fiza ma suna cikin abin da nake nufi. Yanzu kula nake haɗa musu. Ranar Ƙaramar Salla kuwa sai da na yi bayani kamar mai wa'azi kafin a goge musu fashi.

Babban kuma yana son Fizis, babu malami, ta kwamfuta yake ɗauka shi da wasu yara biyu a ɗakin karatu. Mai koya musu Kemistiri ita ce ta Bayoloji, ita ce kuma kociyar 'yan gudu. Tana ƙoƙari, Allah ya sani, amma mutum ɗaya ce. Da aka nemi cin bashi don gyara na'urar ɗumama tsohon ginin, sai da aka je ƙuri'a, tunda daga harajin gida da gona za a biya, kuma dokar jihar sai an samu kashi 60 cikin ɗari. Masu goyon baya sun fi rabi, ba su kai ba. Mu da ba 'yan ƙasa ba, harajin yana cikin kuɗin hayarmu, ƙuri'a kuwa sai kallo.

Saboda haka uku. Abban yara ya ce na cika riƙo, wai huɗun ta dace. Ba shi ya fita da silifas ba. Auta dai tun ranar aka dawo da ita kujerar bayan direba, kuma kullum sai ya danna ham sau biyu, ya ga na ɗaga labule, sannan ya ja mota.