RowaPhos da gansakukar akwatin murjani: yana aiki, amma sai da haƙuri

Jama'a duk mai kiwon murjani a akwatin gilashi na ruwan gishiri ya san wannan koriyar gansakukar mai kama da gashi, ka tuge ta yau, kafin sati ya zagayo ta sake lulluɓe duwatsu har ta fara hawa kan murjanin tana tare masa haske. To RowaPhos nake amfani da shi wajen yaƙarta, kuma gaskiya na yaba.

Kayan Jamus ne, wasu ƙwayoyi ne launin tsatsa kamar garin kofi mai tsaki-tsaki, da ɗan danshinsa yake zuwa a roba, kar a bari ya bushe. Sinadarin ƙarfe ne da ke kama fosfet, shi kuwa fosfet shi ne cimar gansakuka, daga ragowar abincin kifi da kashinsu da ruwan famfo yake taruwa. Wato ba kashe ta yake ba, yunwa yake sa mata. Wanda ya saya yana zaton gobe zai tashi ya ga duwatsu fes, wallahi zai ce an cuce shi.

Ni a riyakta nake zuba shi, wato wani bututu da ruwan akwatin ke ratsawa ta cikinsa, in rage ƙarfin famfon da ke tura ruwan yadda saman ƙwayoyin ne kawai ke ɗan motsi, don in ruwa ya yi ƙarfi niƙewa suke su watsu ko'ina. Ruwan farko ja-ja yake fitowa, sai a tare a bokiti a zubar. Bayan 'yan makonni za ka ga koren ya fara kodewa yana yin fari-fari, da ka sa yatsa biyu ka ja sai ya taho curi guda babu gardama, sauran a bi da tsohon buroshin haƙori, dodon koɗi irin su turbo su ƙarasa gajeren, don dogon ba su cika taɓawa ba.

Inda nake roƙonku don Allah shi ne kar a zuba da yawa lokaci guda. Murjani ma yana buƙatar ɗan fosfet, in ya faɗi warwas zuwa sifili murjanin kan rasa launi ya tsuke, kuma nan ne daino ke samun ƙofa, wato wata ƙwayar halitta mai yauƙi ruwan ƙasa mai ƙananan kumfa, wadda ta fi gansakukar wahalar kora nesa ba kusa ba. Tsakanin 0.03 da 0.1 ppm (kashi cikin miliyan) nake riƙe fosfet ɗin nawa, da na'urar Hanna nake awo. In kuma ka ga lamba ta sauka ta sake hawa kada ka ce kayan jabu ne, duwatsun ne ke amayo abin da suka daɗe suna sha.

Kuɗinsa da ɗan nauyi, don sai ana canzawa duk sanda ya ƙoshi. Kuma in har da ruwan famfo kake haɗa gishirinka to asara kawai za ka yi, fara sayen matatar RO/DI tukuna, wato na'urar da ke tace fosfet da sauran sinadarai daga ruwan famfo, ka rage hannu wajen ba kifi abinci, sannan ka waiwayi RowaPhos.