Masu wankin mota a Gombe ku yi hattara: an cinye min naira 84,000 da sunan safar wanki

Jama'a, akwai wani mutum da yake tallar safar hannu ta wankin mota a Facebook, in ka yi magana ya ja ka zuwa WhatsApp. Macuci ne. Naira 84,000 ya cinye min. Kuma ba duka nawa ba ne, 30,000 a ciki na abokan sana'ata biyu ne da suka ji maganata suka zuba nasu, abin da yake hana ni barci ke nan. Da wane ido zan kalle su?

Ina da wurin wankin mota a wajen Tumfure, na daɗe a sana'ar nan, kuma ba na sayen kaya da ka. Ina so a fahimci wannan, domin wasu har sun fara cewa wai gaggawa na yi. Ba gaggawa ba ce, dalili ne ya kai ni. Duk mai wanke baƙar mota ya san abin da soso yake yi wa fenti. Fuskar soso a shafe take, in ƙwayar yashi ta shiga tsakaninsa da jikin mota ba ta da wurin shigewa, kai da hannunka za ka yi ta jan ta a kan fenti. Ba ka ganin komai motar tana jiƙe. Sai ta bushe an fito da ita rana, ka ga siraran zane masu zagaye a bonet da ƙofofi kamar saƙar gizo-gizo. Shafin nan mai ƙyalli da ke saman fenti bai kai kaurin takarda ba, in ya karce sai an goge da inji, kowane guga kuma rage shi yake yi. Ga ƙurar hunturu, mota ta kwana ɗaya a waje ta yi fururu. Wani Alhaji da ya daɗe yana kawo min motarsa ya ce, "Malam, motar nan sabuwa ce, ba na son soso ya taɓa ta." Gaskiyarsa ce. Safa ta ainihi, ta maikirofaiba, zarenta dogaye ne masu laushi, suna ɗauke yashi su shige da shi can ciki nesa da fenti, in ka tsoma ta a ruwa ka murza ta sake shi. Na san wannan tun kafin in san da mutumin nan a duniya.

To shi ma ya san wannan duka, a nan ya same ni. Har yanzu saƙon muryarsa yana wayata, ina ta maimaita shi. Cewa ya yi, "Yallaɓai, ko ba a wurina za ka saya ba, ka duba takardar jikinta, in ba ka ga foliyesta 80 da foliyamayid 20 ba, ka ajiye musu kayansu." Wato zare iri biyu da ake haɗa safar da su, kashi 80 da kashi 20 cikin ɗari. Ko ba a wurina ba! Ku gaya min don Allah, wane ne zai ji wannan ya ce ɗan damfara ne yake magana? Shi ya ce min a riƙa amfani da bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye safa, a saka raga a ƙasan bokitin don yashi ya kwanta kada a sake kwaso shi. Ya ce a fara daga rufin mota a gangaro, a ware safa daban ta taya da ƙasan mota, a daina zuba garin wanki don yana cinye folish. Duk gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Har bidiyo ya turo min yana goga safar a bayan faifan CD, ya ɗaga shi a haske, babu zane. "Ko ba a wurina za ka saya ba, yallaɓai." Wannan maganar ce ta sa na tura kuɗin.

Safa 12 a kan 5,000 kowace, 60,000 ke nan. Ragar bokiti 2 a kan 9,000, ya zama 78,000. Kuɗin mota 6,000. Jimla 84,000.

Da na buɗe kwalin a tasha jikina ya yi sanyi. A'a, kafin nan ma sai da ya kira ni ya ce direba ya ƙi ɗaukar kaya sai an biya shi, a nan ne 6,000 ɗin ta shigo, don tun farko cewa ya yi kuɗin mota yana cikin farashi. Na tambaye shi, ya rantse da Allah, ya ce amana ce tsakaninmu. Mutum ya rantse maka da Allah, me za ka ce? Abin da ke cikin kwalin kuwa soso ne, sosan katifa, an ɗinke shi cikin wani yadi mai gajeren gashi mai kaushi, zaren ɗinkin ma a waje yake. Babu takarda a jiki, babu 80, babu 20. Na zuba ruwa a kai, ruwan ya gangare bai sha ba. Na sa yarona ya kawo tsohon CD muka goga a gaban abokaina, nan take ya yi zane rututu. Wato abin da ya sayar min ya fi soson da nake gudu ɓarna. Ragar bokiti kuwa babu ita sam, ko ɗaya, 18,000 ta tafi a iska.

Na kira shi, ya ce wai yaron shagonsa ne ya yi kuskuren kwali, in ƙara 12,000 a canza min. Ban tura ko kwabo ba. Ina jin a daren ne ya rufe layina, ko washegari, don na tuna ya sake amsa min sau ɗaya ya ce yana wajen jana'iza. Ya ce shagonsa yana Kano. Ƙanina da ke can ya je inda ya kwatanta, masu shagunan layin suka ce ba su taɓa jin mai wannan sana'a a wurin ba. Shafinsa kuwa yana nan, ya canza suna da hoto, bidiyon CD ɗin nan dai shi yake ta yaɗawa. Allah ya isa tsakanina da shi. 84,000, a wannan marra, cikinta har da haƙƙin mutane.

Na kai rahoto banki, na kai wajen 'yan sanda. Hotunan hirarmu, da rasit, da hoton abin da ya aiko, da CD ɗin da ya karce, duk zan saka su anjima da daddare in na tashi daga aiki, kowa ya gani da idonsa.

Kada ku tura wa kowa kuɗi sai kaya yana hannunku. Ku zuba wa safar ruwa, ku goga ta a CD a gaban mai sayarwa. Duk wanda mutumin nan ya karɓi kuɗinsa a Gombe ko Bauchi ya yi min magana, mu haɗa rasit ɗinmu mu kai tare.