Katako mai ƙasa ko madubi: inda ya dace T-34 ɗinka ta zauna

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin allon madubi da allon katako mai shimfiɗar ƙasa da kake tambaya don ɗora 'yar ƙaramar tankar yaƙinka samfurin T-34/85 ta ma'aunin 1/35 (wato ta gaske ta ninka ta sau 35 a tsawo), ɗauki katako, kada ka tsaya dogon shawara.

Tankar gaske ta kai tan 32, kuma a ƙasa ake gane nauyin abu. Ina da irin taka. Na shafe allon da banish gaba da baya, na manna siririn soso mai tauri irin na gini, sannan na kwaɓa filasta da gam ɗin katako da tankaɗaɗɗiyar ƙasa na shimfiɗa. Kafin kwaɓin ya bushe na rufe shi da leda, na danna sarƙar tankar har ta ɗan nutse, ta bar sawu a bayanta. Wani dattijo da ya yi aikin soja ya ziyarce ni, ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Sawun ya fara nunawa da yatsa kafin ya kula da bindigar. Har yau ita nake fara nuna wa baƙi.

Banish ɗin nan kada ka tsallake shi, domin damshin filasta yana lanƙwasa allo, musamman MDF, wato allon da ake yi da matsattsen garin katako. Fentin feshi na gwangwani kuma cinye soso yake yi in ya taɓa shi kai tsaye, don haka ka rufe ko'ina da kwaɓin, ko ka yi amfani da fentin ruwa. Yashi ma sai ka tankaɗe sosai: ƙwayar milimita 2 a ma'aunin 1/35 dutse ce mai santimita 7, in ka zuba shi yadda yake sai tankar ta zama kamar tana kan tulin tsakuwa.

Ka sa ƙasar da za ka shimfiɗa ta dace da fentin da ka yi wa tankar. T-34/85 ta shiga fagen daga a 1944, saboda haka in alamun sojan Sobiyet ne a jikinta, ka ba ta taɓon gabashin Turai ko ɓaraguzan Berlin na 1945. In alamun Masar ne, rairayin Sinai ya zauna daram, don sun yi yaƙi da ita a can a 1967. Tsawonta da bindiga wajen santimita 23 ne, faɗi bai cika 9 ba, allo mai 30 da 20 ya wadatar. Ka ajiye ta a ɗan karkace, kada bakin bindiga ya leƙa waje, shi ne abin da hannu ke fara karyawa.

Madubi kuwa na taɓa saya. Yana nuna aikin da ka yi a ƙarƙashin tankar, iyakarsa ke nan. Sauran sai ƙura da shatin yatsu.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Wani zai liƙa wa MDF siririyar fatar itace ya ce maka katako ne zalla, wani ya rubuta 1/35 a kan shimfiɗar titin dutse alhali na ƙaramin ma'auni ne. A murfin da ake kifawa a kan tankar, wanda ake gani ta cikinsa, ma haka: awon waje suke rubutawa, sai kaya ya iso ka tarar eriya ba ta shiga. Ka sa a turo maka awon ciki, da hoton gefen allon da ruwula a kusa. Wanda ya fara kame-kame, rabu da shi.

Murfin dai ka saya, don ƙasa mai gargada ba ta goguwa in ƙura ta kwanta mata. Amma in ka yi manni da sufa gulu, bar aikin ya sha iska sosai kafin ka rufe, tururinsa yana barin farin hazo a jikin murfi. Tankar kuma ka ɗaure ta da siririyar waya ta ƙarƙashi maimakon gam, yadda za ka iya cire ta ranar da ka so sake mata mazauni.