Gwajin ƙashi bayan ɗaukewar al'ada: wanne ya cancanci kuɗinki?

Idan al'ada ta ɗauke, sinadarin istirojin yana ja da baya a jikin mace, kuma shi ne linzamin ƙwayoyin da ke cinye tsohon ƙashi. Da linzamin ya saki, sai rushewa ta fi gini sauri. Ba zazzaɓi, ba ciwo. Sau da yawa sai an zame a banɗaki an karye a wuyan hannu ko a ƙugu, an kai ga mai ɗori, sannan a gane ashe ƙashin ya daɗe da rarakewa. Wannan ita ce cutar rarakewar ƙashi, wato osteoporosis.

Mutane da dama kan fara da gwajin kalsiyom na jini saboda yana da araha. Ga wannan tambayar, asarar kuɗi ce: jiki na iya kwaso kalsiyom daga ƙashi ya zuba a jini, sakamako ya fito lafiya lau alhali ƙashin na ƙarewa.

Idan kuɗin gwaji ɗaya gare ki, ki kai shi ga hoton DXA. Za ki kwanta na kamar minti 15, na'ura ta auna kaurin ƙashin ƙugu da na gadon baya, da haske mai rauni ƙwarai, ƙasa da na hoton ƙirji. Da shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka iyaka a 1994: makin T (wato kwatancen ƙashinki da na matashiya mai lafiya) na -2.5 ko ƙasa da haka, cutar ce. Tsakanin -1 da -2.5, ƙashi ya fara rauni. Matsalar DXA ita ce ba kowane gari ke da na'urar ba, kuma sai an jira shekara 1 zuwa 2 kafin maimaitawa ta nuna canji. Idan za ki maimaita, ki koma na'urar da ta auna ki da farko.

Akwai 'yar na'urar da ke auna diddige da sauti. Ba ta da tsada, amma ishara kawai take bayarwa. Ba a yanke hukuncin cutar da ita.

Gwajin jini na CTX da P1NP wani aiki daban yake yi. Na farko yana nuna saurin rushewa, na biyu saurin gini. A 2011 ƙungiyoyin duniya biyu, IOF mai kula da cutar rarakewar ƙashi da IFCC ta masana gwaje-gwajen asibiti, suka zaɓe su a matsayin ma'aunin da za a riƙa kwatance da shi. Ba sa faɗin ko kina da cutar. Amfaninsu ga wadda ta fara shan magani ne, irin su alendronate, domin cikin wata 3 zuwa 6 za a ga ko yana aiki. CTX da sassafe ake ɗibarsa, kafin a karya, in ba haka ba sakamakon ya rikice.

Sai sabon yayi, wato gwajin jini da ke karanta waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki, waɗanne suka yi barci. Hikimar tana da tushe, domin ƙwayoyin da ke cinye ƙashi daga dangin wasu fararen ƙwayoyin jini suke fitowa, don haka masu bincike ke neman alamar a jini tun kafin hoto ya nuna. Har wani kamfani a Vienna, TAmiRNA, ya haɗa gwaji irin wannan mai suna osteomiR. Sai dai yawancin binciken a kan mata ƙalilan aka yi shi, sakamako bai cika dacewa da juna ba, kuma babu wani adadi da likitoci suka yi ittifaƙi a kansa kamar -2.5. A ganina, wannan kasuwar ba ta ci ba tukuna.

Wa ya kamata ta gaggauta? Wadda ta kai shekara 65, ko al'adarta ta ɗauke kafin 45, ko tsayinta ya ragu, ko ƙaramar faɗuwa ta taɓa karya ta. Haka wadda ta daɗe tana shan prednisolone ko dexamethasone, har da wadda ta sha don neman ƙiba. Wannan na ƙarshen, ki faɗa wa likita ko da bai tambaya ba.